Muryar Baba a Injin Faks

Shagon Baba yana Gyaɗi-Gyaɗi, ana buga takardu, ana aika faks. In an tashi daga makaranta nakan zauna a benci bayan injin ina aikin gida. Ba na yi wa kowa magana, amma na san injin nan. Na san kukan da yake yi kamar gyare in takarda za ta shigo, na san jar fitilar da ke ƙiftawa in wani ya bar saƙo.

In aka kira ba a ɗauka ba, Baba ne ke amsawa daga ciki: “Salamu alaikum. Ba na kusa. A bar saƙo, in na dawo zan kira.” Kafin ya ce “zan kira” yakan ɗan gyara murya.

Baba ya rasu bayan ƙaramar salla, ƙanensa Baffa ya karɓi shagon. Muryar kuwa ta ci gaba da aikinta. Wani Alhaji ɗan kwangila ya zo har shago yana faɗa.

“Da hannuna na sa masa ƙasa, in kira kuma ya ce min zai dawo? Ku bar bawan Allah ya huta mana.”

Inna tana takaba a gidanmu na Tarauni, ba ta fita, gidan kuma babu waya. Ba ta taɓa jin saƙon ba. Na taɓa ba ta labarinsa, ta daina tankaɗe ta ce in sake faɗa. Tun daga nan nake neman yadda zan kai mata shi.

Sai injin ya fara tauna takarda, Baffa ya kira mai gyara. Mutumin ya kwance murfi ya leƙa.

“Rola ta cinye, Alhaji. Memori ma ta cika, sai an yi rizet.”

“Shi rizet ɗin me yake yi?”

“Share komai. Lambobi, saƙonni, har gaisuwar da ke amsa waya.”

“To, faɗuwa ta zo daidai da zama,” in ji Baffa, ya fita alwalar la’asar.

Ban taɓa fara yi wa baƙo magana ba. Na matsa kusa da shi.

“Malam, babu kaset a ciki?”

“Wannan ba na kaset ba ne, ’yan mata. Kin ga ɗan batirin nan?” Ya nuna min wani abu kamar maɓallin riga. “Shi ke riƙe da ƙwaƙwalwar. In na zare shi, shi ke nan.”

“Don Allah kada ka zare sai na dawo.”

Sukudireba na bakinsa, janaretan maƙwabta na ruri. Ya gyaɗa kai. Har yau ban sani ba ko ni ya gyaɗa wa.

Da gudu na tafi Tarauni. Silifas ɗina ya tsinke a hanya, na riƙe shi a hannu. Na ɗauko rikodarmu, na zare kaset ɗin wa’azi, na toshe ramukansa da takarda don a iya ɗauka a kai. Inna ta bi ni da ido.

“Ina za ki da ita?”

“Zan kawo miki Baba,” na ce, ban tsaya ba.

Da na dawo an mayar da murfi. Jar fitilar ta mutu. Baffa ya sunkuya kan injin, mai gyara na riƙe masa maɓalli.

“Ɗaga murya, Alhaji, ba sirri ba ne.”

Baffa ya faɗi tasa gaisuwar har ƙarshe, ya ɗago ya gan ni da rikoda a ƙirji, ƙafa ɗaya babu takalmi.

“Ke kuma lafiya?”

Ya dubi rikodar, ya dubi injin, ya cire hularsa.

“Malam, tsohuwar gaisuwar fa? Ba a dawo da ita?”

Mai gyara ya buɗe tafin hannunsa. Batirin na ciki.

Na koma gida a hankali. Inna na tsaye a ƙofar soro, iya inda takaba ta bar ta ta kai, ta riga ta miƙo hannu.