Kalmar da Bulelwa Ba Ta Faɗa Ba

Bango ɗaya ne ya raba ajina da na Bulelwa a firamaren ƙauyenmu da ke bayan garin Tsolo, kuma bangon bai kai rufi ba, don haka duk abin da ta koyar a shekarun nan na ji shi, ko ina so ko ba na so. Ita ke da aji uku, ni ke da aji huɗu. Ita ke renon yara da isiXhosa, yaren da suka sha a nono, sai ta miƙo min su in jefa su cikin Turanci kamar an jefa kaza a kogi. Lissafi da Turanci, kimiyya da Turanci. Rabinsu a ajina suke nutsewa. Kowa ya sani, an dai saba. Bulelwa ce kaɗai ta ƙi sabawa, duk ƙarshen shekara sai ta tsaya a ƙofata tana kallon yaranta kamar ta kawo su asibiti.

Mace ce 'yar gajeruwa, mai sanyin murya, ba ta iya faɗa ba ko an biya ta. Uwarta ta rasu tun tana goye, a hannun dangi ta tashi, yau wannan gida gobe wancan. Sai da ta auri Mzwanele, ɗan marigayi Manzezulu, ta san abin da ake kira gida. Uwar mijin, MamTolo, ita ta ɗaura mata baƙin ɗankwali, ta raɗa mata sunan gidan miji, Nosiseko, ta zaunar da ita ta faɗa mata abin da ya haramta a bakinta. Kamar kowace makoti, wato matar ɗa, ba za ta ambaci sunan uban mijinta ba, ko yana raye ko ya mutu, kuma ba sunan kaɗai ba, har duk kalmar da ta ɗauko sautinsa. Sai aka yi rashin sa'a sunan tsohon daga ruwa ya fito, amanzi. Tun ranar, ruwa ya koma imvotho a bakin Bulelwa, kalmar da matan zamanin da suke sakayawa da ita.

Ni Allah ya rufa min asiri, sunan uban mijina Wilson, ba abin da ya hana ni faɗa. 'Yan matan yanzu kuwa wata biyu suke riƙewa su watsar. Bulelwa ta haura shekara ashirin ba ta yi tuntuɓe ba. A aji in darasi ya kawo ta kan kalmar, sai ta rubuta a allo, ta nuna da sanda, yara su faɗa mata.

"Ranar da gobara ta tashi a nan," nakan ce mata, "kafin a gane me kike nema mun zama toka."

"Ke za ki yi ihun, Sis' Thabisa. Muryarki har birnin Mthatha ake ji."

Mzwanele ya mutu a mahaƙar ma'adinai ta Rustenburg 'yarsu tana ƙarama. Danginta suka ce ta dawo, wata makaranta a birni ta neme ta, ta ce wa zai dafa wa Mama. Haka suka zauna su biyu, 'yar ta girma ta tafi aiki Cape Town. Tsohuwar ba ta da sauƙi ko kaɗan, ni kaina ina shakkarta. Amma a taron matan coci na ranar Alhamis takan ɗaga kai ta ce, "Nosiseko tawa harshenta bai taɓa zamewa ba." In ta ga dama kuma ta kira ta 'yata. Ba mahalukin da ya taɓa kiran Bulelwa da wannan kalma sai ita. In kana son sanin abin da matar nan ta mallaka a duniya, to wannan ne, ba albashi ba, ba takardun makaranta ba.

Tana da shekara arba'in da 'yan kai ta shiga digiri na biyu, karatu daga nesa, a kan koyarwa da na'ura a ajin da ake harshe biyu. Na yi mata dariya har da riƙe ciki. Makarantar da rufinta ke yoyo, ita za a kawo wa kwamfuta? Ba ta kula ni ba. Sabis ba ya kamawa a gidansu sai a kan tudun da ke bayan garken shanu, can take kai kujera da bargo ta saurari malamanta. MamTolo takan bi ta da sanda tana korar kaji kada su dame ta. Har girki tsohuwar ta karɓa a ranakun darasi, ta dafa masara da wake ta rufe mata, abin da ya zama labari a ƙauyen.

Abin da Bulelwa ta ƙudura ba shi da wuyar faɗi. Yaro ya taɓa hoto a kwamfutar hannu, ya ji abin da isiXhosa, sannan ya ji da Turanci, kuma da muryar malamarsa da ya sani, ba ta wata baƙuwa mai magana ta hanci ba. Ta ce yaro ba Turanci yake tsoro ba, baƙon da ke yin Turancin yake tsoro. Mai duba aikinta, Dokta Mabandla, matashi ne ɗan birni, mai ladabi, ya ce tunanin ya yi. Sai dai ba mai iya ɗaukar dubban jimloli da baki. Akwai wata dabara, in ji shi: ta karanta wasu jimloli, na'ura ta koyi muryarta, daga nan duk abin da aka rubuta mata sai ta karanta da wannan murya.

Ina gefenta ranar da suka yi maganar ta waya.

"Dokta, akwai waɗanda ba zan karanta ba," ta ce. "Ni makoti ce."

"Na gane, Mama, ki tsallake su. Ai na'urar ba kalma take koya ba, sauti take koya."

Ta yi godiya, ta ajiye waya da murna. Da yarenmu ya faɗa, sarai, amma a kunnenta abin da ya ce shi ne an ɗauke mata. A ganinta abin da bai fita daga bakinta ba, ba yadda za a yi ya fito daga bakin na'ura. Ta bi jimlolin nan ɗaya bayan ɗaya tana tsame masu ruwa a ciki kamar mai tsince tsakuwa a wake.

Darussan farko ita ta rubuta da hannunta, dabbobi, gaɓoɓin jiki, kayan kanti. Kuma abin ya yi aiki, ni da na yi dariya ni na fara gani. Yaran da suka shigo ajina shekarar nan ba su zo da idon tsoro ba. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba ta ɗaga hannu ta gyara min kuskure a allo, na rasa fushi zan yi ko rawa. Iyaye suka riƙa zuwa ana tura musu manhajar a waya don yara su yi a gida.

Sai shugaban makaranta ya ce a tara iyaye a nuna musu. Aka share babban ɗaki, aka aro lasifikar coci. MamTolo ta zo da sabon bargo da duwatsun wuya, ta zauna a layin gaba, tana gaisawa da mutane kamar ita ta ƙera na'urar. Dokta Mabandla ya iso daga jami'a da tsarabarsa. Ɗalibansa sun rubuta sababbin darussan kimiyya sun zuba a ciki, yana so ya ba Bulelwa mamaki. Ya zaunar da yara a gaba, ya taɓa hoton farko. Kogi ne.

Muryar Bulelwa ta cika ɗakin, da sanyinta, da yadda take jan ƙarshen kalma.

"Amanzi."

Yara suka amsa gaba ɗaya kamar yadda aka koya musu. Ta faɗa da Turanci, suka amsa. Ta sake. Ruwan kogi, ruwan rijiya, ruwa in ya tafasa. Ita Bulelwa kuwa tana tsaye a gefen allo, bakinta a rufe, hannunta a kan ƙirji. Matan da ke ɗakin suka fara sunkuyar da kai. Shi Dokta yana ta murmushi, bai lura ba. Aka zo kan ruwan sama, na'urar ta haɗa kalmomi biyu, amanzi ezulu, sunan tsohon sukutum, a gaban matarsa, da muryar matar ɗansa, yara kuma suka maimaita da iyakar ƙarfinsu.

Ni na cire wayar lasifikar daga bango. MamTolo ta dafa sandarta ta miƙe, ta gyara bargonta, ta bi tsakiyar mutane ta fita a hankali. Ba ta kalli kowa ba.

Ba zan zagi Dokta ba, ko da yake ranar na zage shi a zuciya har kakansa. Da ya fahimci abin da ya faru bai koma birni ba. Washegari ya ce in raka shi gidan MamTolo. Ya cire hula, ya zauna ƙasa-ƙasa, ya yi wa tsohuwar bayani dalla-dalla cewa Bulelwa ba ta taɓa furta kalmar ba, na'ura ce ta harhaɗa, laifin nasa ne. Ta saurare shi har ya gama.

"Ɗana, muryar wa na ji?"

"Tata ce, Makhulu," ya ce, wato kaka da yarenmu, "amma ba ita ta yi maganar ba."

"Sace muryar kuka yi?"

"A'a, Makhulu."

"To wa ya ba ku?"

Bulelwa tana durƙushe a bakin ƙofa.

"Mama, ban sani ba," ta ce.

"Na yarda ba ki sani ba, Misi."

Misi. Haka yara da iyayensu ke kiranmu a makaranta. Tunda aka kawo Bulelwa gidan ba ta taɓa jin wannan a bakin tsohuwar ba. Na ga yadda kafaɗunta suka sauka.

Ƙannen marigayi Manzezulu suka zauna suka yanke tara, akuya. Bulelwa ta kawo, aka yanka a bakin garke, aka ba magabata haƙuri, maza suka ci nama suka ce magana ta ƙare. MamTolo ta ce akuya tana wanke abin da aka faɗa sau ɗaya, wannan kuwa kullum faɗarsa ake yi.

Sai Bulelwa ta yi abin da na hana ta har da rantsuwa. Ta sa aka cire muryarta daga kwamfutocin makaranta. Binciken nata kacokan a kan muryar malamar aji aka gina shi, cire ta na nufin sake shekara guda daga farko. Ta ce a sake. Ta roƙe ni in ba da tawa, na bayar, muryata mai kama da ta mai kiran shanu. Yara suka yi mako suna dariya, daga baya suka saba, kuma sakamakon bai lalace ba.

Amma abin da ya shiga wayoyin mutane ya riga ya shiga, har da sababbin darussan. Wannan ta tura wa ƙanwarta, waccan ta tura ƙauyen ƙetare. Mun bi gida-gida muna roƙo, wasu suka goge, wasu suka ce ai yaransu na ƙaruwa, kuma gaskiyarsu ce. Da yamma in iska ta juyo daga gidan maƙwabta, tsohuwar na zaune a inuwar ɗakinta, sai ta ji. A motar haya ma Bulelwa ta taɓa jin kanta daga kujerar baya, ta sauka tun ba a kai ba ta ƙarasa da ƙafa.

Tsohuwar ba ta kore ta ba, ba ta ɗaga mata murya ba. Da ta yi hakan da ya fi sauƙi. Ta dai daina bin ta kan tudu, ta daina ambatonta ranar Alhamis. Suna ci tare, suna zuwa coci tare, tana cewa na gode, Misi.

Na karanta kundin da ta rubuta, don ni na duba mata kurakuran rubutu. Akwai komai a ciki, yadda yara suka ƙaru, matsalar sabis, matsalar wuta. A babin da ake faɗin abin da mutum ya koya daga karatun, ta rubuta cewa malami ya tambayi abin da na'ura za ta iya faɗa da sunansa kafin ya ba ta murya. Layi ɗaya tak. Masu jarrabawa suka yaba da layin. Na tambaye ta ko ta yi nadamar karatun, ta ce yaran suna karatu, Sisi. Na ce ba abin da na tambaya ba kenan. Ta ce ta ji.

Ranar bikin yaye su Bulelwa a jami'a, MamTolo ta ce ƙafafunta ba za su iya mota ba. Ni na raka Bulelwa, ni na yi mata guɗa a zauren har mutane na waiwaye. A hanyar dawowa ta ƙi cire rigar digirin, ta ce wataƙila in Mama ta gan ta a ciki zuciyarta ta yi sanyi. Ta sayo mata sukari da ganyen shayi da sabon ɗankwali.

Muka tarar an share tsakar gida, an yanka kaza, maƙwabta sun taru. Zuciyata ta yi fari, na matse hannun Bulelwa. Tsohuwar ta fito da kanta ta tarbe mu, ta yi mata barka, ta karɓi tsarabar da hannu biyu. Ta sa aka fito da kujera mai hannu, wadda ake ba limamin coci in ya zo, ta ce Misi ta zauna. Aka kawo shayi a kofunan tangaran na cikin kabad, aka fara zuba wa Bulelwa kafin kowa, aka ba ta cinyar kaza. Ta ci kaɗan, idonta a ƙasa. Da aka gama ta tattare rigar a hannu, ta miƙe ta fara haɗa kwanuka za ta kai bayan ɗaki. MamTolo ta ɗora hannu a kan nata, a hankali, ta karɓe farantin.

"Bar shi, Misi. Baƙo ba ya wanke kwano a gidan nan."