Jana'izar Gwaggon Attracta

Attracta Gilsenan ba ta iya zama. Ko shayi a tsaye take shansa, ido na kan ƙofa. Ita ke dafa wa 'yan makarantar ƙauyenmu abinci, nan yammacin Ireland. Ni Dympna, katanga ce kawai tsakaninmu.

Mijinta ya yi shekaru yana aikin gini a Landan. Ya dawo da tari, da kwat mai kyau, da ƙanjamau. Da ya mutu aka ce huhu ne. Ya bar mata cutar, ni kaɗai na sani. Maganinta take sha kullum, ta ma fi ni lafiya. Tsoronta ɗaya, iyayen yara su ji, su ce ba ta ƙara taɓa tukunyar makaranta. Mai kantin maganinmu kuwa bakinta ya fi rediyo, don haka sai asibitin Dublin, duk bayan 'yan watanni.

Wata rana a ƙofar coci tsohuwa Concepta ta tare ta. "Me kika ajiye a Dublin ne, 'yar nan? Saurayi?"

"Gwaggona ce ba lafiya."

Ba ta da wata gwaggo. Amma daga ranar, ba ta hawa bas sai an ɗora mata burodi da zuma na majinyaciya. Ni nake cinyewa. Har ƙiba na yi saboda ciwon matar nan.

Ƙarya ta ishe ta. Ta shigo kicin ɗina tana zagaye tebur, ta ce, "Na kashe gwaggon. Na gaya wa Concepta ta rasu jiya."

Na ce, "Ke, a ƙauyen nan kika girma kuwa? Yaushe muka taɓa barin jana'iza ta wuce mu?"

Ranar da ta ce za a binne, ranar asibitinta ce. Muna isa tasha muka tarar da bas cike da mutanen ƙauye cikin baƙaƙen kayan makoki, ga kwandon sanwici.

Attracta ta hau, ta sauka, ta sake hawa. Ta tsaya kusa da direba.

"Babu gawa. Babu gwaggo. Asibiti nake zuwa. Ina da ƙanjamau, tun kafin mijina ya mutu."

Mata biyu suka ɗauki jakunkunansu suka sauka, ba su dube ta ba.

Concepta ta ce, "To, burodina fa?"

"Dympna ta cinye."

"Na ga alama." Ta janye jakarta daga kujera. "Zauna, kina sa ni jiri. An riga an yi sanwici, ba a mayar da shi gida."

Ta zauna a bakin kujera. Bas ya tashi. Ta taga tana kallon matan nan biyu, sun miƙe hanyar makaranta.