Ɗangiwa da Jan Bajimin Fesbuk

Ɗangiwa dillalin shanu ne a karar Tambuwal, shekara arba'in yana shafa tozo. Bai yi boko ba, wayarsa ma 'yar ƙarama ce mai tocila. Amma duk mai son sayen dabba ta intanet sai ya fara kai masa hotonta.

Ni kam na raina abin. Da layya ta matso na ga wani jan bajimi a Fesbuk. Mai tallar ya ce yana Kebbe, in tura kafin alƙalami ya sa a kawo mini. Saura ƙiris in tura, matata Mu'minatu ta matsa sai na nuna wa tsohon. Na tafi ina ƙunƙuni.

Ɗangiwa ya riƙe wayata nesa da ido, ya ce in buɗa masa wajen kunne. Sai ya yi murmushi.

"Ubaidullah, ka ga tsagar ga ta kunnen hagu? Shaidar garken Mannir na Sanyinna ta. Ni na saida bajimin ga bara waccan, anka yanka shi ranar sunan jikan liman."

Na kira mai tallar, na ce ya rataya hularsa a ƙahon ya nuna mini a bidiyo. Nan take ya toshe lambata.

Na juya na dubi Ɗangiwa. Shanu dubu nawa suka bi ta hannun bawan Allahn nan? Na ce, "Baba, ya aka yi ba ka manta shi ba?"

"Ɗana, ina mantuwa? Ni anka ba hantar."