Ranin da Zomaye Suka Ƙaurace wa Dajin Masama

Gonata tana bayan Masama, daidai inda fadama ta ƙare daji ya fara. Da an gama girbi, dajin nan kan zama wurin shaƙatawa. Duk Asabar ma'aikata kan zo daga Gwandu da Kalgo a kan babura, su bi wani dattijon garinmu mai karnuka bakwai, su yi farautar zomo da fakara, su gasa a bakin tafki.

A shekarar da nake kiwon raguna huɗu, na ɗora harawar wakena duka a kan gawon da ke gonata. Wata Asabar da hantsi dattijon ya cinna wa ciyawa wuta don zomaye su fito. Wutar ta tsallako gonata, ta cinye karan dawa, ta haye gawon. Kafin in iso da gudu, toka kawai ke zubowa.

Na same shi a bakin tafki yana juya nama.

"Baba, wutarka ta cinye min harawa."

Bai ko ɗago ba. "To mi zan yi maka? Wa ya ce ka aje abincin dabba bakin daji?"

Baƙinsa suka fashe da dariya, ɗaya har da miƙo min cinyar zomo.

Ragunan suka rame, dole na rabu da su tun kafin Sallah. Ban kai ƙara wajen hakimi ba. Ba asarar ce ta fi ƙona min rai ba, dariyar nan ce.

Akwai wani Bafulatani da rugarsa ke kusa da gonata, shi ma wutar ta ƙone masa wurin kiwo. Muka yi shawara. Daga nan, duk Asabar bayan sallar asuba, shi ya kora shanunsa cikin sauran ciyawar, ni kuma in bi kwazazzabai da tsohuwar garwa ina duka. Kafin rana ta ɗaga, babu zomo ko fakarar da ta rage. Sai in koma gona in zauna ina kallo. Karnuka su yi ta shinshina, harshe a waje. Ma'aikata su yi ta share zufa suna tsaki.

Asabar tara muka jera. Baburan suka ragu zuwa uku, daga baya ko ɗaya ba ya zuwa. A kasuwa aka fara cewa karnukan dattijon sun tsufa tare da shi.

Wani ya gaya masa dalili. Ran wata Alhamis da la'asar ya zo ƙofar gidana da amalanke cike da harawa.

"Ɗana, a bar wanga abu haka nan."

"Baba, ba ni da sauran rago da zai ci."

Sai ya juya da amalankensa. Matata ta ce abin ya isa, dattijo ne, ya ƙasƙantar da kansa. Bafulatanin ma ya ce shi ya huce.

Ni ban huce ba. Jibin ranar na ɗauki garwata na fita ni kaɗai, ko da yake na san babu mai zuwa, na bi kwazazzaban ɗaya bayan ɗaya ina duka har hannuna ya sage.