Talotalon da Muka Ɗauko daga Billiri

Shekarar da aka yi aurenmu, Gombe ba ta da daɗin yawo. Bam ya tashi a tasha, ya tashi kusa da kasuwa, kowa ya koma daga gida sai wurin aiki. Ni ina koyarwa a wata firamare, maigidana kuma yana gyaran waya a wani ɗan shago a bakin Kasuwar Gombe. Muna zaune a Shamaki, a ɓangare guda na gidan iyayensa. Mun daɗe ba mu fita tare ba sai dubiya ko gaisuwar mutuwa.

Wata Lahadi da damina ya shigo yana kaɗa makullin mota, ya ce in sa mayafina. Maƙwabcin shagonsa, wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, shi ya ba shi aron tsohuwar motar da yake ɗaukar kaya, tunda ranar Lahadi ba ya buɗe shago, cocinsu kuma da ƙafa yake zuwa. Motar tana warin baƙin mai, ƙofar gefena kuma ba ta buɗuwa ta ciki. Duk inda muka tsaya sai maigidan ya zagayo ya buɗe mini, har da ɗan rusunawa, ni kuma in fito a hankali kamar matar gwamna.

Daga ranar Lahadi ta zama tamu. Mun je Dadin Kowa mun ci soyayyen kifi a tsaye, yaji yana sa mu hawaye. Mun je Deba ba don komai ba, mun sha fura a gindin bishiya mun juyo. A Kumo ruwa ya tsare mu a rumfar wani mai shayi, muka yi ta gardama a kan wanda ya fi iya waƙa a cikinmu, har mai shayin ya yanke hukunci cewa duk ba mu iya ba. Ko'ina akwai shingen sojoji. In mun doso sai mu kashe rediyo, mu sauke gilashi, mu ajiye waya, mu natsu. Da mun wuce kuwa sai dariya ta kama mu ba dalili, kamar yaran da suka gudu daga makaranta.

Wata abokiyar aikina 'yar Tangale ta ji labarin yawonmu, ta ce lallai mu je Billiri mu gaida mahaifiyarta, ita ma za ta kwana can ta jira mu. Muka isa bayan sun taso daga coci. Duwatsu sun yi kore shar, masara ta fi mutum tsawo. Tsohuwar ta rungume ni tana kirana amaryarta, ta aika aka kira wani maƙwabcinta Musulmi ya yanka kaza saboda mu. Da za mu tafi ta ce ba ta samu zuwa bikina ba, don haka ba zan koma hannu sake ba. Sai ga ta da wani ƙaton talotalo namiji, jan wuyansa yana lilo. Muka yi ta roƙo ta bar shi, ta ce in mun ƙi mun raina ta. Aka ɗaure masa ƙafa da ƙyalle, aka sa shi a but ɗin motar.

Hira ta ɗauke mana hankali har muka manta da shi. Da la'asar muka iso shingen shiga Gombe, layi ya yi tsawo. Da aka zo kanmu, wani matashin soja ya leƙo yana duba fuskokinmu. Daidai lokacin sai wani abu ya buga daga bayan motar, dum, ya sake bugawa. Sojan ya yi baya da sauri ya ɗaga bindiga, ya daka tsawa da Turanci mu fito hannu a sama.

Maigidan ya fita. Ni kuwa ƙofata ba ta buɗuwa, sai na ɗaga hannuwa daga zaune. Sojan ya tambayi abin da ke cikin but. Maigidan ya ce talotalo ne. Ashe sojan ba ya jin Hausa, maigidan kuma tsoro ya goge masa sunan tsuntsun da Turanci. Ya ce kaza, babbar kaza, sojan bai gane ba. Sai na ga mijina, hannuwa a sama, ya miƙe wuya ya kumbura kumatu ya fara kukan talotalo a tsakiyar titi. Kafin ya rufe baki, na cikin but ya amsa masa.

Na san ba wurin dariya ba ne. Na cusa mayafi a baki, amma abin ya fi ƙarfina, kafaɗuna suna rawa, hawaye yana zuba. Wani babban soja mai jin Hausa ya taho yana tambayar me ya faru, ya dube ni ya ce, "Hajiya, kuka kike yi ko dariya?" Na ce masa wallahi ni ma ban sani ba.

Ya sa kowa ya matsa, ya ce maigidan ya buɗe but ɗin da kansa. Yana ɗaga murfin, talotalon ya yi tsalle ya diro, ashe ya tsinke ƙyallen. Ya baza wutsiya, ya nufi matashin sojan kai tsaye. Sojan ya zagaya bayan buhunan yashi, talotalo ya bi shi. Direbobin da ke layi suka leƙo, masu ƙarfin hali suna ba da shawara daga cikin mota. Wata mata mai gasa masara a gefen titi ce ta taso ba gaggawa, ta jefa masa tsohon zani a ka, ta sunkuce shi ta miƙa mana.

Babban sojan ya gama dariyarsa, sannan ya ɗaure fuska ya ce wa maigidan a irin wannan lokaci kada ya sake rufe abu mai motsi a but, don ba kowa ne zai tsaya tambaya ba. Ya ce a ɗauke shi a gaba inda ido zai gan shi. Haka na shigo gari rungume da talotalo a cinya, kansa a waje ta taga, 'yan Keke suna yi mana ihu. Sai da muka kusa gida na lura maigidan yana ta motsa baki shi kaɗai. Na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Amarya, yanzu na tuna sunansa da Turanci." Dole ya tsaya a gefen hanya, don dariyar ba ta bar shi ya ga gabansa ba.

Surukata ta yi faɗa sosai da ta ji labarin, ta ce za mu kashe ta da fargaba. Amma ita ce ta fara zuba wa talotalon dawa, ta hana a yanka shi. Ya yi shekara yana mulkin tsakar gidan, yana korar baƙi da masu talla, ita kaɗai yake bari ta taɓa shi.