Ranar da Kaka Ta Kira Hamra Cikin Tarago

Gidanmu yana bayan tashar jirgin ƙasa a Maiduguri, daidai inda layin dogo ya zo ya ƙare. Bayan magariba, in an sauke burabusko, kakata ba ta yarda a kashe wutar murhu. Takan jawo tabarma ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta iya tatsuniyar gizo ba, kuma ba ta ɓoyewa.

"Ni 'yar makiyaya ce, abin da idona ya gani shi nake da shi," in ji ta. "Maigidana, matso mana. Ko tun ban fara ba cikinka ya ɗuri ruwa?"

Ni take tsokana, kuma gaskiyarta, don na san labarin da za ta ɗauko.

Ta ce nan da muke zaune daji ne a da, wurin kiwonsu. Ba a daɗe da kawo dogo ba aka yi fari, rijiyoyi suka ƙafe, maruƙa suka fara faɗuwa. Sai mahaifinta, wanda take kira Abba, ya ce za a loda garken a jirgi zuwa kudu, inda ciyawa ke kai wa saniya har tozo. Lokacin tana yarinya, ita ke tatsar Hamra, jar saniyar da ke jan garke.

Ranar lodi Hamra ta zo bakin katakon hawa ta toge. Aka buga, aka ja, ko gezau. In ba ta shiga ba babu wadda za ta shiga, in kuma jirgi ya tashi ya bar su, garken ba zai kai wani zuwan ba. Abba ya dubi 'yarsa ya ce, "Shiga ciki ki kira ta."

A nan Kaka takan rage murya, mu ma mu daina motsi. Ta shiga har ƙuryar taragon ta yi kiran da take yi wa Hamra lokacin tatsa. Hamra ta ɗaga kai, ta hau. Sauran kuwa suka biyo ta gaba ɗaya, suka matse yarinyar a jikin bango. Wani lebura da bai san da mutum a ciki ba ya ja ƙofa ya sa sakata. Abba yana can yana kora ragowar zuwa tarago na gaba, yana zaton ta fito.

"Duhu, da zafi, da ƙaho ta ko'ina," in ji Kaka. "In na yi ihu su firgita su tattake ni. In na yi shiru jirgi ya tafi da ni."

Jirgi ya yi kuka, taragon ya girgiza, shanun suka fara turereniya. Sai ta rungume wuyan Hamra ta ci gaba da kiran nan a hankali. Shanun suka lafa. Ta tsakanin katako kiran ya fita, Abba ya ji shi. Ya yar da sanda ya yi gaba da gudu, ya wuce taragu, ya je ya tsaya a kan dogo gaban kan jirgi, ya ƙi matsawa sai da aka buɗe. Ta rarrafo ta ƙarƙashin cikin shanu ta fito. Hamra ta yunƙuro za ta biyo ta, aka rufe ƙofa a fuskarta.

"Suka tafi inda ciyawa take," Kaka takan ce, sai ta tura mu kwanciya.

Garken bai dawo ba, Abba ma bai koma daji ba. Ya kafa rumfa a bakin tasha yana haɗa masu shanu da fatake. Kanawa masu goro suka zo, masu tuwo da 'yan dako suka biyo, rumfa ta zama ɗaki, ɗaki ya zama gida, har gari ya taso daga wajen unguwar Shehuri ya haɗe da mu. Duk wannan na sani tun ina ƙarami, ina ma alfahari da shi.

Abin da ban sani ba sai da na girma na gaji sana'ar. Jirgi ya daina zuwa, yanzu a tirela muke lodi. Ranar da na fara raka kaya kudu, na ga inda ake sauke su: mayanka ce. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na dawo na je wurin Kaka, lokacin ta tsufa, ido ya tafi, na durƙusa na ce, "Kaka, ashe Abba ruɗin ki ya yi?"

Sai ta ce:

"Bai ruɗe ni ba, maigidana. Ina ganin babu makiyayi ko ɗaya da ya hau jirgin nan, sai na gane. Na sani kafin in buɗe baki, kuma na kira ta."

Kullum ina bi ta titunan da suka cika da mutane, ina jin ana cewa jirgi ne ya gina garin nan. Ni dai na san wadda aka sa ta yi kiran, ta kuma rufe mana sauran labarin har muka girma.