Gwaggo Ba Ta Yanke Rarar Yadi

Shekara talatin da biyu Gwaggo ta yi a kan keken ɗinki, a shago mai taga ɗaya, kuma ba da sabon ɗinki ta ci abinci ba. Gyara take yi: a rage hannun riga, a matse ƙugun wando, a sauya zif. Auta, 'yar ƙaninta, ta tashi tana kallon aikin nan kamar yadda ake kallon bango, wato ba ta ganinsa sam.

Ita Auta marubuciya take son zama. Ta cika littafi uku da labaran attajirai masu jiragen sama da gidajen da ko ƙofarsu ba ta taɓa takawa ba, kuma duk wanda ta ba ya karanta sai ya yi hamma ya ce ta yi ƙoƙari. Wata rana ta zo shagon, ta riga ta yanke shawarar ajiye alƙalami. Ta gaya wa Gwaggo cewa masu rayuwa irin tasu ba su da abin ba da labari. Gwaggo ta ce to, ta miƙa mata allura ta zura mata zare.

Sai ga wata mata da rigunan mijinta huɗu a leda. Ciwo ya ramar da shi, duk sun yi masa yawa, tana so a rage. Da ta tafi, Auta ta ɗauko almakashi wai za ta taimaka. Gwaggo ta buge mata hannu.

Auta ta koma gefe ta zuba ido. Gwaggo ta ninke rarar yadin ta ciki, ta bi ta da ɗinki mai sauƙin warwarewa, ta kwantar da ita da dutsen guga har ba a gani. Ta ce haka take yi wa kayan kowane majinyaci tun farkon aikinta, kuma ba ta taɓa gaya wa masu kayan ba.

"In na yanke, na ce ba zai tashi ba ke nan. Ni wace ce da zan faɗi haka?"

Auta ta tambaya ko ana dawowa a buɗe ɗinkin. Gwaggo ta ce wasu sukan dawo idan sun murmure kayan sun matse su, ranar kuwa bakinta ba ya rufuwa. Wasu kuma shiru. Rigar marigayi mijin ita Gwaggon ma tana nan a akwati da ninkinta.

Mamaki da kunya suka rufe Auta. Shekara da shekaru tana zaune a bencin shagon nan tana neman labari a duniyar da ba ta sani ba, alhali mutane na yawo a unguwa da fatan alherin matar nan ɗinke a cikin rigunansu.

"Gwaggo, wannan zan rubuta."

"Rubuta abinki, 'yar nan, amma ki ɓoye shagon. In suka sani, za su riƙa juya riga suna auna yadda suka rame."